Baki Nawa Ne Ke Isa Shaida? Sharhi Kan Lissafin Gwajin Ɗanɗanon Abinci

Tun daga shekarar 2023, lokacin da cutar ruɓewa ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, masu sana'ar zoɓo da kunun aya da yajin tsire a nan Legas suka shiga wani lissafi da ba su saba da shi ba. Cittar da a da ake ɗiba da hannu ta koma abin aunawa da cokali, kuma duk mai sana'a sai da ya tambayi kansa ko zai iya rage ta ba tare da masu saye sun farga ba. Wata maƙwabciyarmu a Agege, wadda ke dafa zoɓo tana ɗurawa a robobi tana kai wa shaguna, ta rage tata citta ta ƙara kanumfari, sannan ta tara mutum goma a tsakar gida, cikinsu har da 'ya'yanta da ƙannen mijinta. Ta miƙa wa kowa kofi biyu tana cewa, "Wannan shi ne na da, wannan kuma sabon haɗina ne. Wanne ya fi?" Mutum bakwai suka ce sabon. Da yamma ta aiko a kira ni, ta ce, "Malam, bakwai cikin goma ai ya isa, ko kuwa?" Na ce mata, "Hajiya, da sauran aiki."

Dalilin da ya sa na faɗi haka lissafi ne wanda kowa zai iya bi. A ce abu guda aka zuba a kofunan biyu daga tulu ɗaya, aka tilasta wa kowa ya zaɓi ɗaya. Zaɓin kowane mutum ya zama kamar jefa kwabo sama, ko ya faɗi ta wannan fuska ko ta waccan. Amsoshin mutum goma na iya jeruwa ta hanyoyi 1,024, kuma a cikinsu hanyoyi 176 ne ke ba sabon haɗi ƙuri'a bakwai ko fiye, wasu 176 kuma su ba tsohon. Idan aka haɗa, an samu 352 cikin 1,024, wato kusan sau ɗaya a cikin uku za a ga ɗaya daga cikin kofunan ya ci bakwai ko fiye alhali babu wani bambanci tsakaninsu. Abin da canki-canka kaɗai ke iya haifarwa sau ɗaya cikin uku bai kai a gina kasuwanci a kansa ba. Kafin mutum goma su zama shaidar da masana ƙididdiga ke karɓa, sai tara daga cikinsu sun karkata gefe guda.

Akwai kuma abin da ya fi adadin muni, shi ne ta gaya musu wanne ne sabo. Mu mutane ne masu kara. Yaron da ya tashi a gidan Bahaushe ba zai dubi mahaifiyarsa ya ce haɗin da ta ɓata safiya tana yi bai kai na jiya ba, ƙanin miji ma haka. Abin da ta auna a ranar kunya ce da ladabi, harshe bai samu damar magana ba.

Tushen wannan fanni ma daga kofin shayi ya faro, abin da zai yi wa duk wanda ya saba zama a bencin mai shayi a Obalende ko Idi-Araba daɗin ji. A tashar binciken aikin gona ta Rothamsted da ke Ingila, wata masaniyar kimiyya mai suna Muriel Bristol ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko ruwan shayi. Abokin aikinta, masanin ƙididdiga Ronald Fisher, ya mai da wannan iƙirari gwaji, ya kuma bayyana tsarinsa a rubuce a 1935. Za a haɗa kofi takwas, huɗu an fara da madara, huɗu an fara da shayi, a jera su ba bisa wani tsari da za ta iya kintata ba, a gaya mata huɗu-huɗu ne, ita kuma ta ware. Hanyoyin zaɓar kofi huɗu daga cikin takwas guda 70 ne, ɗaya tak ce daidai. Saboda haka idan ta ware duka daidai, damar a ce dace ne ɗaya ce cikin 70. Idan kuwa uku ta samu ta kuskure ɗaya, mai kintace ma yana kai wa nan ko fiye sau 17 cikin 70, kusan rubu'i ke nan, don haka ba hujja ba ce. Darasin da Fisher ya kafa shi ne a fara ɗauka cewa babu bambanci, a lissafa abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa, sannan a duba ko sakamakon ya zarce hakan. Iyakar da aka saba amfani da ita ita ce kashi 5 cikin 100, wato ba a karɓar sakamako sai damar sa'a kaɗai ta kawo shi ba ta wuce hakan ba. Yarjejeniya ce ta masu aiki, kuma ana iya tsaurara ta zuwa kashi 1 idan kuskure zai yi tsada.

Kafin a kai ga lissafi, wajibi ne mai sana'a ya san tambayar da yake yi, domin tambayoyi uku ne da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce ko mutane na jin bambanci tsakanin abu biyu. Ta biyu ita ce ko abubuwan sun yi kama sosai har za a iya musanya ɗaya da ɗaya. Ta uku ita ce wanne mutane suka fi so. Hajiya ta yi tambaya ta uku, alhali abin da ke damunta shi ne ta biyu, wato kada masu shan zoɓonta su ce ya canza.

Gwajin da aka fi sani wajen neman bambanci shi ne na kofi uku, wanda ni na fi son kiransa gwajin fid da bare. Ya bazu ne daga masana'antun abin sha na Denmak da Suwidin a shekarun 1940, kuma a yau hukumar ƙa'idojin inganci ta duniya, ISO, wadda hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ke wakiltar Najeriya a cikinta, ta tsara shi a ƙa'ida mai lamba 4120. Ana ba mai ɗanɗano kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ya nuna baren, kuma ko bai ji komai ba dole ya nuna ɗaya. Kofunan su zama iri ɗaya, sanyin abin sha ɗaya, yawansa ɗaya. Ba a rubuta "na ɗaya" ko "na biyu" a jikinsu, sai dai lambobi masu alƙaluma uku kamar 472 ko 815 waɗanda ba su nuna fifiko. Jerin kofunan na iya zuwa ta hanyoyi shida: wani lokaci tsohon haɗi ne biyu sabo ɗaya, wani lokaci akasin haka, kuma baren na iya kasancewa a farko, a tsakiya ko a ƙarshe. Ana raba hanyoyin shida daidai wa daida, ta yadda idan mutum 30 ne, kowace hanya ta samu biyar, saboda matsayin kofi a jeri yana tasiri a kan zaɓi. Kowa ya zauna shi kaɗai ya rubuta amsarsa, domin santin mutum ɗaya ya isa ya juya ra'ayin benci guda.

Mai kintace a wannan gwaji yana dacewa sau ɗaya cikin uku. Ke nan idan mutum 30 suka zauna alhali babu wani bambanci, ana sa ran wajen goma su nuna baren daidai, kuma wanda bai san haka ba zai ga goma ya tsorata. Adadin da ake buƙata kafin a ce akwai bambanci a kan iyakar kashi 5 shi ne 15 cikin 30. Ga mutum 12 ana buƙatar 8, ga 18 ana buƙatar 10, ga 24 ana buƙatar 13, ga 60 kuma 27. Mai karatu zai lura cewa yayin da masu ɗanɗano ke ƙaruwa, kason da ake nema yana raguwa, daga kashi biyu cikin uku a mutum 12 zuwa ƙasa da rabi a mutum 60.

Ko da an samu 15 cikin 30, ba a ce rabin mutane na jin bambancin ba, domin wasu daga cikin sha biyar ɗin dace suka yi. Akwai wani gyara da aka aro daga W. S. Abbott, wanda ya samar da shi a 1925 yana auna ƙarfin maganin ƙwari: a cire sulusi daga kason waɗanda suka dace, a raba abin da ya rage da kashi biyu cikin uku. Rabi a cire sulusi ya bar sudusi, sudusi a raba da biyu cikin uku ya ba da rubu'i. Wato kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ne ya ji bambancin da gaske. Wannan adadi ya fi amfani ga mai sana'a fiye da amsar "akwai" ko "babu", tunda shi ne zai ɗora a kan ma'auni da kuɗin cittar da zai rage.

Yanzu ga wurin da na fi ganin ana zamewa, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. A ce Hajiya ta bi duk ƙa'idojin nan da mutum 12, biyar suka nuna baren daidai. Biyar bai kai takwas ba, don haka gwajin bai nuna bambanci ba. Abin da kusan kowa zai faɗa shi ne, shi ke nan, haɗin biyu ɗaya suke. Wannan kuskure ne babba. A ɗauka cewa da gaske mutum ɗaya cikin huɗu na jin canjin, wanda ke nufin rabin amsoshi za su riƙa fitowa daidai. Damar da gwajin mutum 12 ke da ita ta kai wa takwas a wannan hali wajen kashi 19 ce cikin 100 kawai. Sau huɗu cikin biyar gwajin zai yi shiru alhali bambancin na nan. Da mutum 30 damar kama shi tana hawa zuwa wajen kashi 57, da mutum 60 kuma ta haura kashi 80. Ƙaramin gwaji kamar tankaɗe ne da rariya mai manyan ƙofofi: rashin ganin tsakuwa a samanta ba ya nuna garin ba shi da tsakuwa.

Wanda ke son ya ce abu biyu sun yi kama, juya tambayar zai yi. Zai fara yanke wa kansa kason masu saye da zai iya jurewa su ji canji, misali ɗaya cikin biyar ko ɗaya cikin huɗu, sannan ya tara bakunan da za su iya nuna cewa ba a wuce wannan kaso ba. Da biyar cikin 12, lissafi bai kore yiwuwar cewa kusan rabin jama'a na jin bambancin ba. Da 22 cikin 60 kuwa, ana iya cewa da ƙwarin gwiwa masu jin sa ba su wuce kashi 20 da 'yar ɗoriya ba. Shi ya sa ƙa'idar ISO ɗin nan ke ambaton mutum 24 zuwa 30 don neman bambanci, amma wajen ninkin hakan don tabbatar da kama. Duk mai rage kayan haɗi saboda tsada, ko mai gidan burodi a Agege da ke tunanin cuɗa garin rogo da fulawa, aikin da cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, FIIRO, da ke Oshodi ta daɗe tana yi, gwajin kama yake buƙata, kuma shi ne mafi tsada a yawan mutane.

Wasu kan nemi hanyar sauƙi ta sa mutum goma su maimaita sau uku, su ce sun samu talatin. Amsoshi uku daga baki ɗaya ba su zama shaidu uku masu zaman kansu ba. Idan mutum biyu masu kaifin harshe ne ke cikin goman, su za su ɗauke sakamakon, a zaci jama'a ce ta ji.

Akwai wata dabara da ke rage wahala idan an san abin da aka canza. Maimakon a ce a fid da bare, sai a ba da kofi biyu a tambaya kai tsaye wanne ya fi yajin citta. An daɗe da lura cewa mutanen da suka kasa fid da bare sukan amsa daidai idan aka ambata musu sifar da za su nema, kuma bayanin hakan ya samo asali daga aikin masanin halayyar ɗan Adam L. L. Thurstone na 1927, wanda ya nuna cewa jin da mutum ke yi wa abu guda ba ya tsayawa cak, yana ɗan hawa da sauka daga kurɓi zuwa kurɓi. Mai fid da bare sai ya kwatanta tazara tsakanin abubuwa uku masu motsi, mai neman wanda ya fi yaji kuwa abu ɗaya yake bi. A wannan gwaji, idan tun farko an san wanda ya fi citta, 20 cikin 30 sun isa. Sai dai yaji na da matsalarsa, domin zafinsa na zama a baki ya rufe na gaba. Wanda ke gwada yajin tsire ko kilishi dole ya ba da tazara mai kyau tsakanin ɗanɗano da ɗanɗano, da ruwan kurkure baki da ɗan burodi marar zaƙi, kuma kada ya zaunar da wanda bai daɗe da cin goro ko shan sigari ba. Tunda yajin tsire na ɗauke da ƙuli-ƙuli, hakki ne a sanar da masu ɗanɗano akwai gyaɗa a ciki, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ta.

Tambayar wanne aka fi so kuwa tana da nata sharuɗɗan. Tunda ba a san gefen da mutane za su karkata ba, ana lissafa gefe biyu, kuma adadin da ake nema shi ne 15 cikin 20, ko 21 cikin 30, ko 33 cikin 50, ko 61 cikin 100. A nan ma rabuwar ƙuri'a gida biyu daidai ba ta nufin abubuwan ɗaya ne, tana iya yiwuwa kowa ya ji bambancin sarai amma rabi na son wannan rabi na son wancan. Kuma ba a haɗa tambayar so da ta fid da bare a zama ɗaya, domin wanda ya gama nuna bare yakan ɗauke shi a matsayin mai aibi. Muhimmin abu kuma shi ne su wa aka tambaya. Ƙwararrun masu ɗanɗano sun dace da neman bambanci, amma so da ƙi na masu saye ne. A Legas wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin mai tsire a Obalende yana sayar wa Bahaushe da Bayarabe da Ibo a dare ɗaya, kuma ba lallai ba ne abin da ya yi wa mutanen unguwarsa daidai ya yi wa sauran. Wanda ya gwada a kan 'yan uwansa kaɗai, ra'ayin 'yan uwansa ya sani.

Idan samfurori sun wuce biyu, akan koma ga ma'aunin so mai hawa tara, wanda David Peryam da abokan aikinsa suka samar a cibiyar binciken abincin sojojin Amurka da ke Chicago wajen ƙarshen shekarun 1940. Yana tashi daga matuƙar ƙi a hawa na ɗaya zuwa matuƙar so a hawa na tara, biyar kuma ba so ba ƙi. Shi ne ɗaliban kimiyyar abinci a jami'o'i da kwalejojinmu suka fi amfani da shi a ayyukan kammala karatu, kuma ina jin takaicin yadda ake yawan yin sa da abokan aji goma ko ashirin, alhali gwajin masu saye ana so kada ya gaza mutum 60, ɗari ma ya fi. Fassara hawayen zuwa Hausa ma aiki ne mai bukatar natsuwa. Idan Bahaushe ya ce "ba laifi", yana iya nufin ya ci ne don kada ya ɓata rai, yana kuma iya nufin abin ya burge shi amma ba ya son zuzutawa. Dole a zauna a fayyace wa mai ɗanɗano tazarar da ke tsakanin "ina ɗan so" da "ina so ƙwarai" kafin a miƙa masa kofi. Sannan matsakaicin maki na ɓoye abubuwa. Kilishin da rabin mutane suka ba tara rabi suka ba ɗaya zai fito da biyar, daidai da wanda kowa ya ba biyar, alhali na farkon yana da kasuwarsa ta masu son zafi, na biyun kuwa babu wanda zai tsallaka titi dominsa.

Wajen tantance makin ana amfani da lissafin da ake kira ANOVA, mai kwatanta matsakaicin makin samfurori, ko kuma gwajin da Milton Friedman ya wallafa a 1937 idan jera samfurori aka yi daga wanda aka fi so zuwa na ƙarshe. Hatsarin da ke nan shi ne yawan kwatance. Samfur biyar na ba da kwatance goma na biyu-biyu, kuma idan aka yi kowanne a kan iyakar kashi 5 ba tare da gyara ba, damar a ga bambancin ƙarya aƙalla sau ɗaya tana iya kai wa wajen kashi 40 cikin 100. Idan aka ƙara launi da ƙamshi da kauri, kowanne da nasa kwatancen, da wuya a rasa wani abu da zai yi kama da sakamako. Hanyoyin gyaran lissafi irin na masanin ƙididdiga John Tukey an yi su ne don toshe wannan ƙofa.

Ko gwajin da ya cika kowace ƙa'ida yana da iyakar abin da zai iya faɗa. A watan Afrilun 1985 kamfanin Coca-Cola ya sauya haɗin lemonsa a Amurka bayan gwajin ɗanɗano da aka yi da mutane kusan 200,000, inda sabon haɗi mai ƙarin zaƙi ya yi nasara. Cikin kwana 79 ƙorafin jama'a ya sa aka dawo da tsohon. Adadin bai yi kaɗan ba, lissafin ma bai yi kuskure ba. Gwajin ya auna kurɓi a kofi marar suna, bai auna shaƙuwar mutane da abin da suka saba sha ba, bai kuma tambaye su yadda za su ji idan aka ɗauke shi ba.

Shawarar da na ba Hajiya ita ce ta bar tsakar gida ta koma shagunan da take kai wa kaya, ta nemi mutum 60 daga cikin masu saye a cikin kwana uku ko huɗu, tana dafa haɗin biyu a rana ɗaya ta sanyaya su tare. 'Yarta ce za ta rubuta lambobi a kofuna ta riƙe takardar da ke nuna wanne ne wanne, ɗanta wanda bai ga takardar ba shi zai miƙa wa mutane, ita kuma Hajiya kada ta tsaya a wurin. Kuɗin abin bai wuce na kofunan roba 180 da 'yan litocin zoɓo ba. Na kuma roƙe ta ta yanke hukunci tun kafin kofi na farko ya fita, ta rubuta a takarda yawan masu saye da za ta yarda su ji canji, domin idan aka bari sai an ga sakamako, zuciya takan ja iyakar zuwa inda take so. Ta yi shiru na ɗan lokaci tana lissafin shagunanta, sannan ta ce ɗaya cikin biyar za ta iya ɗauka, abin da ya wuce haka kuwa gara ta mayar da cittar ta ƙara kuɗin roba.